Kabewar da Aka Kai Gidan Lovato

Marisela Gurulé ta ga abubuwa iri-iri an shigo da su ɗakin duba marasa lafiya. An taɓa kawo mata kaza mai rai don godiya, an taɓa kawo mata yatsan mutum a cikin kofin ƙanƙara. Amma kabewa, ba a taɓa kawo mata ba sai ranar Juma'ar nan.

Doña Crucita Lovato ce ta shigo da ita a rungume kamar jariri. Tsohuwar ba ta yi gaisuwa ba, ba ta zauna ba, ba ta naɗe hannun riga don awon jini ba kamar yadda ta saba duk mako. Ta dire kabewar a kan gadon gwaji, sannan ta zaro makullai daga aljihun rigar sanyinta ta ajiye a gefenta.

Marisela ta gane su nan take. Makullan asibitinta ne, waɗanda ke hannun Nicanor, ɗan tsohuwar, nas ɗin da ya shekara uku yana aiki tare da ita, kuma mutumin da take shirin aura. Tun safe bai zo aiki ba, wayarsa kuma a kashe.

"Mama Crucita, mene ne wannan?"

"Ke ce mai ilimi, 'yata. Duba da kyau ki gaya mini."

Marisela ta sani sarai, bakinta ne ya riga hankalinta. A kwarinmu na Agua Zarca, idan saurayi yana son aure, manyansa ne ke kai wasiƙa gidan iyayen yarinya, a ba su amsa cikin kwana takwas. In an yarda, wasiƙa ce ke komawa. In an ƙi, kabewa ake kaiwa, ba tare da dogon zance ba. Sauran garuruwa sun daɗe da barin wannan al'ada, amma mu nan ba ma yar da komai, ko tsohuwar tayar mota sai mun shuka fure a ciki. Kuma gidan da aka kai wa kabewa ba ya sake tambaya, sai in wanda ya kai ta ya taka da ƙafarsa ya je ya ce ya yi kuskure.

Jiya wasiƙar gidan Lovato ta cika kwana takwas.

"Daga gidanku aka kawo, jiya da yamma," in ji tsohuwar. "An kuma ce da saninki."

"Da sanina?"

"Haka aka faɗa a gaban ɗana. Shekara uku yana ɗaukar miki jakar magani cikin dusar ƙanƙara. Da kin gaya masa da bakinki, ai da ya fi."

Marisela ta dafa gadon. "Na rantse da Allah ban sani ba. Ni jira nake a kira ni a ce an aika da wasiƙa. Wa ya kawo?"

"Je ki tambaya a gidanku. Ni ba zan zubar wa kowa mutunci da bakina ba." Tsohuwar ta gyara mayafinta. "Babban asibitin Albuquerque ya daɗe yana nemansa, ya ƙi saboda ke. Jiya ya kira su. Yana can yana loda kaya, ƙarfe huɗu zai kama hanya. Ni kuma na dawo miki da kayanku, ba mu cin kabewar raini a gidanmu."

Ta juya ta fita. Agogon bango ya nuna ƙarfe biyu saura kwata.

Marisela ta sake kiran Nicanor, har yanzu a kashe. Ta yi tunanin ta wuce gidansu kai tsaye, amma ta san halinsa. Mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa, sai dai in ya ji an wulakanta uwarsa, dutse ya fi shi saurin motsi. Kukanta ba zai goge kabewa ba. Ta rubuta takarda ta manna a ƙofa, ta sa kabewar a kujerar gaba, ta ja mota.

Shekararta talatin da huɗu. Ta yi shekara shida tana nas a ɗakin gaggawa kafin ta koma makaranta ta ƙaro uku, ta fito babbar nas, irin waɗanda dokar jiharmu ta New Mexico ta yarda su duba mara lafiya, su gano ciwo, su rubuta magani, su buɗe asibitin kansu ba tare da wani likita a kansu ba. Ita kuwa ta buɗe nata a tsohon kantin kakanta. Likita mafi kusa da kwarin yana mil hamsin, bayan duwatsu biyu. Mace irin wannan, wadda ke yanke hukunci a kan zuciyar mutane da hantarsu, ita ce aka yanke wa hukunci da kayan miya, ba a ko tambaye ta ba.

A ƙofar gidansu ta tarar da baƙar mota mai sheƙi da lambar Texas.

Gilberto Armijo ne. Ɗan kwarin ne shi ma, ajinsu ɗaya a sakandare, amma ya daɗe a birnin Amarillo na jihar Texas yana mataimakin likita a wajen likitocin ƙashi. Tun bazara yake zuwa duk bayan mako biyu, da fure da kwalin alewa, yana zama da iyayenta fiye da yadda yake zama da ita. Sau biyu ta gaya masa akwai wanda take so. Sau biyun ya yi murmushi kamar an ba shi labarin yanayi.

Ta tarar da su a tebur. Mahaifinta, Don Eusebio, yana kan kujerarsa ta kullum, Gilberto a damansa cikin farar riga mai guga. Mahaifiyarta, Doña Piedad, tana bakin murhu tana juya tortiya, siririyar gurasar da muke ci da miya, ta ba su baya. Ƙamshin miyar koren barkono ya cika gidan.

Marisela ta dire kabewar a tsakiyar tebur har cokula suka yi tsalle.

"Baba, me na yi maka?" Hawayen da ta riƙe tun daga asibiti suka ɓalle. "In ba ka son Nicanor, ba sai ka kira ni ka gaya mini ba? Ni yarinya ce? Ka aika wa tsohuwar da ke kirana 'yarta da wannan, har a ce da sanina?"

Don Eusebio bai ko dube ta ba. Kabewar yake kallo, baki a sake. Ya miƙa hannu ya juya ta, ya shafa wani tabo a gefenta.

"Wannan ai tawa ce," ya ce a hankali. "Babbar nan ta bakin rijiya, wadda nake ajiye wa bikin coci. Tun safe nake nemanta, har na zargi awakin maƙwabta. A ina kika same ta?"

"A hannun Doña Crucita. Jiya aka kai musu."

"Wa ya kai? Ni cewa na yi a roƙe su su ƙara mana mako biyu, in yi tunani."

Babu abin da ake ji sai tortiyar da ke ƙonewa a kan tanda, ba a juya ta ba.

Marisela ta waiwaya a hankali. "Mama?"

Doña Piedad ta kashe wuta. Ta juyo da ƙyar, kamar yadda take juyowa kullum, jiki duka lokaci ɗaya, saboda ɗamarar da ke riƙe da bayanta.

"Ni na kai."

Da an ce wa Marisela rufin gidan zai faɗo mata, da ta fi yarda. Wannan ce uwar da ta yi ta ɗinka mata kayan makaranta, wadda ta yi kuka har aka riƙe ta ranar da aka ba Marisela takardar shaidar karatu. Ita ce kuma ke zuba wa Nicanor abinci duk Lahadi tana cewa ya ƙara.

"Ke, Mama? Da bayan nan naki kika ɗauki wannan?"

"A baro na tura ta har mota. Kuma in yau aka ce in sake, zan sake."

"Piedad," in ji Don Eusebio, "amsar aure kika bayar a gidana ban sani ba?"

"Kai ai da an bar ka, sai yarinyar ta yi furfura kana tunani." Ta ja kujera ta zauna a hankali, ta dubi 'yarta, idanunta cike da ƙwalla. "Zauna, Mari."

"Ba zan zauna ba."

"To tsaya ki ji. Shekara talatin da biyu ina ɗaga tsofaffi daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki. Na wanke kashin mutanen da 'ya'yansu ba sa ko gaishe ni a kanti. Me na fito da shi? Ga shi nan." Ta bubbuga ɗamarar. "Ko takalmina ba na iya ɗaurawa sai ubanki ya durƙusa. Na yi wa Allah alkawari ke ba za ki yi irin rayuwata ba. Kika ce nas za ki zama, na haɗiye. Kika dawo wannan rami kika buɗe asibiti a kantin sayar da gishiri, na haɗiye. Yanzu kuma ki auri wani nas ɗin, wanda ke ce ma kike biyansa albashi? Gida ɗaya, nas biyu, baya biyu da za su karye rana ɗaya? Wa zai ɗaura wa wani takalmi?"

"Mama, Nicanor yana karatu. Saura shekara biyu ya zama kamar ni."

"Shekara biyu. Ni ma haka na yi ta cewa, saura shekara biyu in koma makaranta."

"Shi ya sa kika ce da sanina?"

Doña Piedad ta sunkuyar da kai. "Da ban faɗi haka ba, da bai haƙura ba."

Gilberto ya yi gyaran murya. Ya goge bakinsa da kyau, ya naɗe tsumman ya ajiye, irin na mutumin da ya san lokacinsa ya zo.

"Marisela, ki yi haƙuri, ni ban so abin ya zo ta haka ba. Amma tunda ya zo, mu yi maganar manya. Mama ba ƙin ki take ba. Nawa asibitin nan ya bar miki bara, bayan kin biya wuta da inshora da albashin ma'aikaci?"

"Ba ruwanka."

"Ban ce da ruwana ba. Amma na san bai kai dala dubu casa'in ba. Ni dubu ɗari da arba'in da biyar nake ɗauka, ban da ƙari. Kuma aikinmu ba ya ɗaure mutum. Yau ina ƙashi, gobe in na gaji in koma fata ko zuciya, ba sai na sake shiga aji ba. Ke fa? A kan lafiyar iyali kika yi karatu, in kina son wani fanni sai kin koma makaranta. Shi kuwa Nicanor, yaron kirki ne, ban musa ba, amma ko dubu saba'in yana kaiwa?"

"Yaro? Ya girme ka da wata biyar."

Don Eusebio ya kaɗa kai, ransa a jagule. "Ni dai abin da ya sa na tsaya tunani ke nan, Mari. Shi wannan mataimakin likita ne, kin ji har da likita a sunan aikinsa. Ke kuwa da Nicanor nas ne. Na ɗauka in kin bi shi, kin hau mataki."

Gilberto ya yi murmushi, ya zaro wata ambulan daga aljihu ya tura mata. "Baba ya gane. Ga shi ma, na so sai bayan an gama cin abinci. Wani babban asibiti ne a Amarillo, suna neman irinki. Dubu ɗari da ashirin da biyar, hutun mako huɗu, ba kiran dare, ba shiga dusar ƙanƙara. Sun ga takardunki sun yaba. Farkon Janairu suke so ki fara."

Marisela ta dubi ambulan ɗin kamar kunama. "Sun ga takarduna? Wa ya ba su?"

Ta dubi uwarta. Doña Piedad ta kau da kai wajen taga.

"Na cikin akwatin ƙarƙashin gadonki," in ji Marisela. "Waɗanda na ba ki ajiya don na ce hannunki ya fi banki. Mama, tun yaushe kuke wannan?"

"Tun Agusta," in ji uwar, can ƙasa.

Tun Agusta. Wata biyu ke nan tana zuba wa Nicanor miya tana cewa ya ƙara.

Marisela ta share fuskarta da bayan hannu. Kukan ya tsaya cak, wani abu mai sanyi ya maye gurbinsa. Ta dubi agogo, uku saura minti biyar. Sai yanzu ta ja kujera ta zauna, daidai gaban Gilberto.

"To, mu yi maganar manya. Baba, ka saurara da kyau. Gilberto, in ka duba mara lafiya a Amarillo, a ƙarƙashin wa kake?"

"Muna aiki tare da likita, kowa ya san haka."

"Ban ce tare ba. In likitan nan ya janye sunansa daga takardarka gobe da safe, za ka iya rubuta ko maganin ciwon kai?"

Murmushin ya ɗan rage faɗi. "Sai in nemi wani likitan. Ba wani abu ba ne, tsari ne kawai."

"Za ka iya ko ba za ka iya ba?"

"A ranar dai, a'a."

"Ni fa, a nan, sunan wa ke kan takardata?"

Ta juya ga mahaifinta.

"Nawa ne, Baba," ta ce. "Ni kaɗai. Maganin sukarinka da kake sha, hannuna ne a kai, ba na wani ba. Yanzu tambaye shi, in na ƙetare iyaka na shiga Texas da wannan ambulan, me zai faru?"

Don Eusebio ya juya ga baƙon. "Me zai faru?"

"Dokarsu daban ce, Baba. Za a haɗa ta da wani likita, su sa hannu a yarjejeniya, ya riƙa duba aikinta wata-wata. Asibitin ne zai shirya komai, ita ba ta da wata wahala."

"Ya riƙa duba aikinta." Tsohon ya maimaita kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Wato abin da take yi yau da kanta, can sai wani ya ba ta izini?"

"Kusan haka, amma kuɗin..."

"Tsaya tukuna. Kuma in ta ce za ta buɗe nata, kamar na nan?"

"Sai ta sami likitan da zai yarda ya sa mata hannu. Yawanci akan biya shi wani abu duk wata."

"Ta biya mutum don ya bar ta ta yi aikin da ta iya?"

Duk wanda ya san Don Eusebio Gurulé ya san an taɓo inda ba a taɓawa. Shekararsa sittin da takwas, bai taɓa yi wa wani aiki ko na yini ɗaya ba. Gonar barkononsa 'yar ƙarama ce, wata shekara ta ba shi, wata ta hana, amma ya gwammace ya ci wake wata shida da ya ce wa wani ranka ya daɗe. Ba shi da wani abin alfahari da ya wuce wannan, kuma yakan faɗa ko ba a tambaye shi ba.

"Ni fa na ɗauka ɗaga ta za ka yi," ya ce. "Ashe sauke ta za ka yi, ka ba ta kuɗi a kai."

"Baba, mutunci ba ya biyan kuɗin wuta. Irin waɗannan ƙananan asibitocin rufewa suke yi kullum."

"In ta tafi, wa zai duba mutanen kwarin nan?"

Gilberto ya ɗaga kafaɗa. "Ai akwai hanya. Mil hamsin ne kawai."

Doña Piedad ta runtse ido, don ita ta san abin da ya taka. A kan wannan mil hamsin ɗin ƙanin Don Eusebio ya cika, a bayan motar ɗaukar itace, yana dafe da ƙirji, saura mil tara su isa. Shi Eusebion ne ke tuƙi.

Fuskar tsohon ta canza.

Marisela ta miƙe ta rungumi kabewar. Ta zagayo teburin ta nufi Gilberto. Ba ta kai gare shi ba mahaifinta ya tare ta.

"Ajiye."

"Baba..."

"Na ce ba ni nan. 'Ya ba ta bayar da wannan. Aikin uba ne."

Ya karɓe ta daga hannunta. Marisela ba ta san inda zai nufa da ita ba. Ya tsaya yana kallon kabewar da ya yi wata biyar yana ba ruwa, kamar yana ban kwana da ita. Sannan ya juya, ya sunkuya, ya ɗora ta a kan cinyar Gilberto, a kan wandonsa mai guga.

"Ba ka aiko da wasiƙa ba, ɗana, ambulan ka kawo. Amma ga amsarka. Ka gaida mahaifinka."

Gilberto ya yi sororo, hannuwansa a sama kamar wanda aka ɗora wa jaririn wani. Ya dubi Doña Piedad, ita ma ta saki baki tana kallon mijinta kamar yau ta fara ganinsa. A ƙarshe ya miƙe, kabewa a ƙirji, ya fita ba sallama. Ambulan ɗin ya bari a kan tebur, miya ta ɗiga a kai.

Ƙarar motarsa ba ta gama ɓacewa ba Marisela ta durƙusa a gaban uwarta, ta kama hannunta.

"Mama, ƙarfe huɗu zai tafi. In Baba ya je, ba za su karɓa ba. In ni na je, ba za su karɓa ba. Kin san al'ada, ke kika kai, ke kaɗai za ki iya warwarewa."

"In je gidan Crucita in ce na yi kuskure? Ni?"

"Ke kika ce da sanina, Mama. Yana can yana ganin ni na ci amanarsa. Ko ba za ki yarda da auren ba, ki cire mini wannan."

"Ba ki san abin da kike roƙo ba." Hawaye na bin kumatun Doña Piedad. "Yau kina da ƙarfi. Ni ma na yi ƙarfi. Wata rana za ki tashi da safe ki kasa sunkuyawa, ki duba gefenki ki ga shi ma haka, ki ce me ya sa uwata ba ta hana ni ba."

"In ranar ta zo, na fi so in duba gefena in ga shi. Ke da kika kasa sunkuyawa, wa kika gani? Mai kuɗi ne ke ɗaura miki takalmi?"

Don Eusebio ya kau da kai, ya shiga gyara cokulan da ba su buƙatar gyara.

Doña Piedad ta dubi mijinta. Sannan ta zare hannunta daga na 'yarta.

"Ba zan je ba."

Marisela ta dube ta, ta dubi agogo. Uku da minti ashirin da biyar, kuma gidan Lovato yana can ƙarshen kwari, tafiyar minti ashirin da biyar in hanya ta yi kyau. Ta miƙe.

"Zan jira a mota minti biyar, Mama. In ba ki fito ba, zan tafi ni kaɗai in gan shi yana wucewa. Ba zan yi miki rashin kunya ba, zan ci gaba da zuwa ina duba bayanki. Amma Lahadi kada ki sa mini kwano."

Ta fita. Ta tada mota ta zauna, hannu a kan sitiyari, ido a kan ƙofar gidan da aka haife ta. Minti ɗaya ya wuce, biyu suka wuce. Kaji na ta tonon ƙasa abinsu. A minti na biyar ta sa giya, ta ji kamar ana zare mata wani abu daga ƙirji.

Ƙofar ta buɗe.

Doña Piedad ce, da baƙin mayafinta na zuwa coci. Takalmanta a ɗaure suke, igiya biyu-biyu, irin ɗaurin Don Eusebio. Ta sauko matakala uku na bakin ƙofa da ƙyar, ta buɗe mota, ta shiga a hankali tana cije leɓe.

"Ban ce na yarda ba," ta ce, ba ta dubi 'yarta ba. "Ƙaryar da na yi miki zan je in ɗauke. Ja mu tafi."

Marisela ba ta taɓa gudu a hanyar nan kamar ranar ba. Suka wuce coci, suka wuce asibitin da takarda ke lilo a ƙofarsa, suka wuce gonakin da aka gama girbe. Duk ramin da suka faɗa, uwar sai ta ja numfashi ta dafe baya, amma ba ta ce a rage ba. A gadar katako suka tarar da garken tumaki ya cika hanya, suka yi asarar minti shida suna kallon duwawun dabbobi.

Huɗu saura minti biyu suka hango mararrabar da hanyar gidan Lovato ta haɗu da babban titi. Nicanor, wanda bai taɓa makara ba a rayuwarsa, yau ma bai makara ba. Jar motarsa ta ɗaukar kaya tana tsaye a bakin titin, katifa a ɗaure a baya, fitilar hagu na ƙyaftawa, hagun da ke zuwa Albuquerque. Wata doguwar motar katako yake jira ta wuce.

Tsakaninsu da shi akwai sauran tafiya. Motar katakon ta wuce. Jar motar ta fara motsi.

"Ya tafi," in ji Marisela. "Mama, ya tafi."

Ƙafarta ta saki totur, hannuwanta suka mutu a kan sitiyari.

Sai ta ji an ture mata hannu. Doña Piedad, wadda ta shekara bakwai ba ta sunkuya ko don ɗaukar cokali ba, ta karkato da jikinta gaba ɗaya har ɗamarar ta yi ƙara, ta ɗora tafukanta biyu a kan hon ta danna da dukan ƙarfinta. Zafin ya sa ta ƙwalla ƙara, amma ba ta ɗaga ba.

"Taka, 'yar nan," ta ce, haƙora a cije. "Taka, kada ki sa in karya bayana a banza."

Can gaba, rabin motar Nicanor a kan titi, rabi a kan ƙasa, jajayen fitilun birki suka kama.